Kafiretar da Aka Ce Baba Ya Sace

Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashin Baba kafin ya yaye ni, kuma ko da ya yaye ni ban yi nisa ba. A jikin rumfarsa na kafa tawa, a bakin wani layi a Koki, katanga ɗaya muke jingina da ita. Ba shi ya haife ni ba, maigidana ne a gyaran babur. Amma kowa a layin Baba yake ce masa, har waɗanda suka kusa kamo shi a shekaru. Kakanninsa daga Barno suka zo da allo da tawada, shi kuma sai ya ɗauki sufana, sai dai bai saki karatun ba. Idan liman ya yi tafiya, Baba ke wanke hannunsa da toka da sabulu ya ja mu sallar azahar da la'asar. Makanikan babur da suka fito daga hannunsa suna da yawa, daga Koki har Sheshe har Shahuci da wuya ka ga rumfar da babu ɗalibinsa ko ɗalibin ɗalibinsa.

Lokacin da abin ya faru, soja sun riga sun yi alkawarin komawa bariki. An yi zaɓen kansiloli, ana jiran rantsarwa. Wani ɗan unguwarmu, sa'ana, wanda muka yi makarantar allo tare, shi ya ci kujerar. Da can takalma yake sayarwa a bakin kasuwa, kuma ba shi da laifi a lokacin. Daga ranar da aka faɗi sakamako ya canja tafiya. Ba a rantsar da shi ba, amma idan ka kira shi da sunan da uwarsa ta raɗa masa ba ya waiwayowa, sai ka ce Kansila. Ya sayi sabon babur shuɗi, irin waɗanda muke ce wa roba-roba, ya bar ledar da ke kan kujera bai cire ba.

Bai yi wata ɗaya da saya ba ya kawo shi wurin Baba. Ya ce babur ɗin yana harbi. Da safe lafiya lau yake tashi, amma idan ya yi tafiya ya tsaya wani wuri na ɗan lokaci, da ya buga kik sai salansa ta yi ƙara kamar an harba bindiga.

Ina zaune a rumfata ina kallon yadda Baba ya bi aikin, kuma yadda ya koya mana haka ya bi shi. Ya fara tambayarsa ko ta gaba ƙarar ke fita ko ta baya, don tarin da inji ke yi ta kafireta daban, harbin salansa daban. Kansila ya ce ta baya. Baba ya ce to, fetur ne da bai ƙone ba yake taruwa a salansa, sai wuta ta same shi a can. Sauran aiki shi ne a gano abin da ke tura shi. Ya kwance filogi ya duba, ya same shi da ɗan baƙi kamar gindin tukunya. Ya auna bawul da inji a sanyaye, ya sake aunawa da zafinsa. Ya duba wuta, ya ɗaure wuyan salansa. Sannan ya sauke kafireta, wato inda fetur ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, ya wargaza ta a cikin tasa, ya wanke ta da fetur, ya busa kowace kafa da bakinsa, ya mayar.

Bayan haka ya hau, ya zaga har Shahuci ya dawo, ya kashe, ya jira, ya tayar. Shiru. Ya yi haka sau huɗu ko biyar. Ni ma na hau na yi. Ko tari babur ɗin bai yi ba.

Da Kansila ya dawo karɓa, Baba ya gaya masa gaskiya. Ya ce, "Ɗana, ban sami ciwonsa ba. A hannuna bai yi ko sau ɗaya ba. Ka je da shi, idan ya sake, ka dawo mu fita tare, ina so in ga yadda kake tuƙa shi."

Kansila ya ce, "Tuƙi za ka koya mini, Baba?"

"A'a. Gani kawai nake so in yi."

Kwana uku bayan haka ya dawo, da hantsi, da samari shida ko bakwai na yaƙin zaɓensa a bayansa. Wani makaniki a wajen ganuwa ya ce masa kafiretar da ke jikin babur ɗin ba ta kamfani ba ce, an sauya ta da tsohuwa. Hujjarsa ita ce wani ɗan ɗigon fenti rawaya da ake sa wa sababbi a kan sukuru, babu shi. Ni na san inda fentin ya tafi, a cikin tasar Baba ya narke da fetur, a kan idona. Kansila ya riga ya sa an ɗaura wata. Waccan kuwa a leda ya zo da ita, ya jefa ta a gaban Baba, ta bugi akwatin kayan aiki.

Ya ce, "Ina kafiretata, tsoho?"

Baba ya ce, "Ga ta nan ka jefar."

"Kai ne kake jan mutane salla, kana kwance musu kaya da rana. To, zamanin ya wuce. Yanzu mu ne da gari."

Na taso, biyu daga cikin samarin suka riƙe ni. Wani ya kife akwatin kayan aiki a cikin kwata. Wani kuma, ban san da gangan ko a cikin turereniya ba, ya ture hular Baba, ta faɗi a cikin baƙin mai. A shekara goma sha ɗaya da ƙari ban taɓa ganin kan Baba a waje ba sai ranar. Mutane sun taru, masu shaguna, masu wucewa, mata ta bayan ƙofofi. Kalmar ɓarawo ta fita daga bakin Kansila sau uku, na ƙirga. Sai da liman da wasu dattawa biyu suka fito sannan Kansila da samarinsa suka tafi.

Baba ya ɗauki hularsa, ya kakkaɓe, ya sa ta a aljihu. Muka tsamo sufanu daga kwata ɗaya bayan ɗaya. Da azahar ya tafi gida, washegari bai fito ba, bai kuma sake buɗe rumfar ba. Masallaci yana zuwa, amma ya daina tsayawa a sahun gaba. Da liman ya yi tafiya a makon da ya biyo, aka tura shi ya ja salla, ya girgiza kai ya koma baya. Babu wanda ya yarda ya yi sata, ko mutum ɗaya. Amma shi a ganinsa an riga an faɗa, kuma kunnuwa sun ji.

Na ɗauki kafiretar na goge ta, na naɗe a tsumma, na ajiye a ƙasan akwatina. A ranar na yi wa kaina alkawari, kuma ba alkawarin alheri ba ne. Da farko abin da raina ya ba ni shi ne in tare shi a lungu da sufanar gatari, ƙatuwar nan da ake kwance taya da ita. Matata ce ta ce mini idan na yi haka, sunan Baba zai ƙara ɓaci, za a ce ɗaliban ɓarawo sun koma 'yan daba. Na ga gaskiyarta. Sai na zauna ina tunanin abin da zai fi duka zafi.

Labari ya zo mini cewa sabuwar kafireta ba ta hana komai ba. Babur ɗin yana nan yana harbinsa. Wannan kaɗai ya isa ya wanke Baba, amma Kansila cewa yake tsohon ya lalata masa wani abu a cikin inji. Don haka na ga dole sai na gano ciwon da kaina, kuma tun da ba zai ba ni babur ɗin ba, sai in bi mai shi.

Na yi kusan mako biyu ina binsa. Na san inda yake shan shayi, na san majalisar da yake zama a Sheshe bayan la'asar, na san gidan uban gidansa na siyasa. Ina rufe rumfa in hau tsohon babur ɗina in tsaya nesa. Abin da na fara lura da shi, ba kullum yake harbi ba. Idan ya daɗe a wuri, kamar ranar Juma'a da ya ajiye shi ya shiga masallaci, lafiya yake tashi. Idan tsayuwar gajeriya ce, sai ya harba. Na yi zargin fetur ɗin 'yan bumburutu, don lokacin ana wahalar mai, kowa a galan yake saye. Amma ai irinsa muke sha duka, namu ba sa harbi. Na yi zargin allurar kafireta tana ɗiga, sai na tuna an canja kafireta ɗungurungum. Na yi zargin bawul yana matsewa idan ya yi zafi, amma Baba ya auna a gabana.

Ashe ina kallon wurin da ba nan ba ne. Hankalina yana kan yadda yake tayarwa, ban kula da yadda yake kashewa ba. Ranar da na gane, a majalisar Sheshe ne. Ya taho da gudu, ya taka birki a gaban mutane, bai kashe ba. Ya murza totur har ƙarshe, inji ya yi kuka, duk wanda ke zaune ya juyo. Yana cikin wannan kukan ya murɗa makulli ya kashe. Haka yake sanar da isowarsa ko'ina. Na ji injin yana ci gaba da juyawa shi kaɗai na ɗan lokaci kafin ya tsaya.

Nan take komai ya fito mini. Makulli ya yanke wuta, amma inji bai daina juyawa ba, totur kuma a buɗe. Yana zuƙar fetur, babu tartsatsin da zai ƙone shi, sai ya tura shi ɗanye cikin salansa mai zafi. Can yake zama. Idan an daɗe ya bushe ya fita, idan ba a daɗe ba yana nan yana jira. Na tsaya har ya fito bayan minti kaɗan, sai na ga ragowar. Hannunsa ya sauka ya ja cok, abin da ake ja da sanyin safiya don a ƙara wa inji mai, shi kuwa injinsa da zafi. Ya buga kik biyu, na uku ya kama, salansa ta harba. Awakin da ke kwance a gindin katanga suka watse.

Na yi dariya ni kaɗai a kan babur ɗina, irin dariyar da ba ta da daɗi. Babu abin da ya sami babur ɗin. Hannun mai shi ne ciwon, kuma abin da Baba ya so ya gani ke nan lokacin da ya ce su fita tare.

Da mutumin kirki ne ni, da a ranar na je na gaya masa. Ban je ba. Na bi rumfunan ɗaliban Baba ɗaya bayan ɗaya, na gaya musu abin da na gani, na kuma roƙe su abu guda. Na ce idan ya kawo, duk abin da ya ce a canja a canja masa, amma kada wanda ya buɗe baki ya gaya masa dalili. Babu wanda ya ƙi. Wani a Shahuci, wanda ya riga ni zama a wurin Baba, ya ce mini, "Ai ko ba ka zo ba, ni ba zan taɓa ce masa komai ba. Ban san dalilin ba ne kawai, yanzu kuma na sani, zan yi shirun da daɗi."

Haka Kansila ya yi ta zagaye. Aka canja filogi, aka canja kwayil ɗin wuta, aka sake canja kafireta, har salansar aka canja. Kowane wuri ana gwadawa a gabansa, babur ya tashi shiru, ya tafi yana murna, kafin magariba ya harba. Akwai abin da na ƙara da hannuna, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wata rana babur ɗin ya wuni a rumfar abokin nan nawa na Shahuci, ya aiko mini, na je. Na sassauta notin wuyan salansa kaɗan, yadda iska za ta riƙa shiga. Fetur ɗanye idan ya sami iska ƙararsa ninkuwa take. Daga ranar harbin ya koma irin wanda ake ji a layi na uku.

Ni ne kuma na fara ce masa Kansila mai bindiga, a wurin mai shayi, kamar da wasa. Kafin mako ya zagayo sunan ya kama. Mutane suna cewa soja za su tafi da tasu bindigar, za su bar mana wannan.

An rantsar da su ana farkon damina. Kwana kaɗan bayan haka aka yi rasuwar wani dattijo a Sheshe, ina cikin masu zaman makoki a ƙofar gida. Kansila ya zo da babbar riga, ya yi isowarsa yadda ya saba, ya yi gaisuwa a tsaitsaye, ya fito. Ana tsakiyar addu'a, hannuwa a sama, ya buga kik. Mutane ba su daɗe da fita daga zamanin da ƙara irin wannan ke nufin a gudu ba. Tabarmi suka watse, wani tsoho ya faɗa kan butoci, wata mata da ta fito da tiren abinci ta sake shi, miya ta zuba mata a ƙafa. Na ga ƙafar ta tashi. Na san da hannuna a cikin wannan ƙunar, na kuma koma gida ban fasa komai ba. Abin da na riƙe a raina shi ne fuskar Kansila lokacin da ɗan mamacin ya ce masa, a gaban kowa, don Allah kada ya sake zuwa musu da wannan abin.

Bayan wannan ne ya aiko. Bai zo da kansa ba, liman ya tura. Liman ya same ni a rumfa ya ce, "Malam, an ce kai kaɗai ka rage bai gwada ba. Ya ce in roƙe ka."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, zan duba. Amma a nan, a gaban rumfar Baba, bayan la'asar, kuma dattawan da suka ga abin da aka yi ran nan su tsaya su ga wannan."

Liman ya dube ni ya ce, "Gyara za ka yi ko shari'a?"

Na ce, "Duka biyun."

Ya ce zai faɗa masa. Ina jin shi ma abin yana cinsa tun ranar, don bai yi mini wa'azi ba.

Kansila ya zo ranar Talata, shi kaɗai, babu samari. Mutanen da suka fito daga masallaci ba su watse ba, don na riga na bi su da magana. Ban gaishe shi ba. Na ɗaure notin da na sassauta ba tare da na ce komai a kai ba. Sannan na buɗe akwatina, na warware tsumma, na ɗaga kafiretar sama.

Na ce, "Ka gane wannan?"

Ya ce, "Tsohuwar nan ce."

"Ita ce wadda ka jefa wa Baba. Ita zan ɗaura."

Na sauke ta jikin babur ɗin, na ɗaura waccan. Na hau na zaga har inji ya yi zafin da ba a taɓa shi. Na dawo, na saki totur, na bar shi ya sauka ya yi numfashinsa a hankali, sannan na kashe. Muka jira kaɗan. Na buga kik ɗaya, ya tashi shiru. Na maimaita har sau biyar. Na ba wani tela da ke kusa, wanda ba makaniki ba ne, ya yi sau biyu. Babu harbi.

Wani dattijo ya ce, "To, ashe kafiretar lafiyarta ƙalau."

Na ce wa dattijon, "Da saura." Na miƙa wa Kansila makulli, na ce ya zaga ya dawo, ya tsaya yadda yake tsayawa kullum.

Ina tsoron kada ya gane ya canja hali, amma abin ya riga ya zame masa jiki. Ya dawo, ya ga taro, hannunsa ya murza totur da kansa, ya kashe a cikin kukan. Na ce ya dakata kaɗan, sannan ya tayar. Ya sunkuya ya ja cok. Ya buga, ya sake bugawa, salansa ta harba. Ba wanda ya gudu a wannan karon.

Na yi bayanin da ƙarfi, ba don shi ba, don mutane. Na nuna musu makulli, na nuna totur, na nuna cok, na faɗi inda fetur ɗin ke taruwa da abin da ke kunna shi. Na ce wannan babur ɗin tun ranar da aka fito da shi daga kwali babu abin da ke damunsa. Na ce Baba ya roƙi a fita tare da shi ya ga tuƙin, aka ce masa ɓarawo. Sannan na juya na dubi Kansila na ce, "Sau uku ka faɗa. Ina nan, na ƙirga."

Ya buɗe baki ya ce ai makanikin can ne ya ruɗe shi. Liman ya katse shi ya ce, "Makanikin can bai zo layin nan ya ture hular kowa ba. Tashi mu je."

Muka ɗunguma zuwa gidan Baba, mu kusan ashirin. Yana zaune a zaure da Alƙur'ani a gabansa. Ya rame. Liman ya faɗa masa abin da aka gani. Kansila ya tsuguna, ya cire hularsa da kansa, ya ce, "Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Na so Baba ya bar shi a tsugune. Na so ya yi shiru har gwiwoyinsa su yi ciwo, na so ya sa shi ya je bakin rumfa ya nemi gafara sau uku kamar yadda ya faɗi kalmar ɓarawo. Baba ko numfashi bai ja ba ya ce, "Na yafe, ɗana. Mayar da hularka." Wata uku ina haɗa wannan rana, ya gama da ita a kalma shida.

Da mutane suka watse ya ce in tsaya. Ya tambaye ni yaushe na gano. Na gaya masa, ban rage komai ba, har da notin.

Ya ce, "Wato tun kafin damina ka sani."

Na ce, "E, Baba."

"Matar da ta ƙone a Sheshe fa?"

Ya ce gobe in nemi gidanta in je in gaya mata, na kuma je. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta nuna mini tabon. Sannan Baba ya ce shi bai koya mini in ga ciwo a jikin babur in yi shiru ba, ko na waye. Na ce masa na ji. Ban ce na yi nadama ba, don ban yi ba, shi kuma ya san ban yi ba. Amma kafin in fita ya sa na sake ba shi labarin yadda na gano, daki-daki, yana gyaɗa kai. Da na zo wurin kashewa a cikin kukan inji, sai ya ce, "Na zarga. Cok ɗin ne ban kawo ba."

Ban samu abin da na fi so ba, wato ya dawo rumfa. Ya ce hannunsa ya riga ya huta. Ya koma sahun gaba, amma bai sake jan salla ba. Kansila kuwa ya daina murza totur, babur ɗinsa ya daina harbi, daga baya ma ya sayi mota. Sunan dai bai sake shi ba har ya sauka daga kujera. Idan muka haɗu yana yi mini sallama, ina amsa iyakar abin da addini ya wajabta, ba ƙari.

Baba ya rasu shekara biyu da wani abu bayan haka, da safe, bayan gajeriyar jinya. Jama'a ta cika layin har bakin titi, makanikai sun rufe rumfunansu daga unguwanni da yawa. Da aka idar da salla aka ɗauki makara, ni na kama gaba ta hannun dama. Al'ada ce a riƙa karɓa-karɓa a hanya, kowa ya ɗan ɗauka ya sami lada, ya ba na bayansa. Muna cikin tafiya na ji mutum ya matso kafaɗata, ya sa hannu yana jira in sakar masa. Na waiga, Kansila ne.

Ya ce a hankali, "Malam, ɗan ba ni."

Ban ba shi ba. Ya zaga ta ɗaya gefen, abokina na Shahuci ne a can, shi ma bai saki ba. Ba mu shirya hakan ba, ko kallon juna ba mu yi ba. Hanyar maƙabarta da nisa, rana ta ɗaga, kafaɗata ta mutu tun kafin mu fita ƙofar gari, waɗansu da ba ruwansu suka nemi karɓa na hana su duka don kada ta zagayo gare shi. Na san Baba ba zai so haka ba. Haka na riƙe har bakin kabari, sannan na sauke.